Jarin Teburin Poka: Ƙidayar Zama, Tsarin Kaso, Ko Kuɗin Wani?

A watan Nuwamban 1998 aka tsinci gawar Stu Ungar a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, da abin da bai wuce dala 800 ba a tare da shi. Sau uku yana lashe babbar gasar duniya ta poka, wani wasan karta da ake zuba kuɗi a kansa, a 1980 da 1981 da 1997, kuma har gobe akwai masanan da ke ganin ba a yi mai karanta abokin wasa kamarsa ba. A shekarar da ya ci ta ukun, ko kuɗin shiga, dala 10,000, ba shi da su. Wani ɗan wasa mai suna Billy Baxter ne ya biya masa, suka raba dala miliyan ɗayan da aka ci. Miyagun ƙwayoyi da cacar wasanni suka lashe rabonsa. Iya wasa daban, iya riƙon kuɗin wasa daban, kuma na biyun ne ke raba wanda zai daɗe da wanda za a manta da shi.

Akwai maganar da ya wajaba a faɗa tun da wuri. Poka da kuɗi caca ce. Hukuncinta a Musulunci a fili yake cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, kuma a Kano da sauran jihohin da ke aiki da Shari'a laifi ce a doka. Babu wata dabarar riƙon kuɗi da za ta sauya wannan. Abin da ke tafe bayani ne kan yadda waɗanda suka mayar da wasan sana'a a wuraren da doka ta yarda, kamar jihar Nevada ta Amurka da Ingila, ke tsare jarinsu. Duk wanda ya bi lissafin a tsanake zai ga dalilin da ya sa mafi yawan masu zama teburin ke tashi hannu wofi.

Me ake nufi da jarin tebur

Kuɗi ne da aka ware don wasa kaɗai, waɗanda ko sun ƙone ƙurmus tukunyar gida ba za ta sauka ba. Kuɗin cefane ba sa ciki, haka na haya da na makarantar yara. Rance ba jari ba ne, kwasar adashi ba jari ba ce, balle ajiyar wani. Kuɗin da mutum ke cewa "zan mayar ƙarshen wata" sun riga sun fita daga ma'anar, domin mai wasa da irinsu a tsorace yake, abokan zama kuwa suna gane mai tsoro tun kafin a zagaya tebur sau biyu.

'Yan wasa ba sa ƙirga jari da dala, da yawan zama suke ƙirga shi. A wasan Texas Hold'em wanda ba a ƙayyade yawan zubi ba, mutum biyu ne ke yin zubin dole kafin a raba karta, ɗaya ƙarami ɗaya babba. Idan aka ce teburin 1/2, ƙaramin dala 1 ne, babban dala 2. Kuɗin zama da aka saba shi ne babban zubi sau 100, wato dala 200 a wannan tebur. Mai dala 6,000 yana da zama 30 a teburin 1/2, amma zama 12 kacal gare shi a teburin 2/5, inda zaman ke cin dala 500.

Dalilin buƙatar zama da yawa shi ne lilo, wato hawa da saukar da sa'a ke jawowa. Ɗauki hannu mafi ƙarfi a wasan, kati biyu masu harafin A, ya haɗu da sarki biyu, wato kati biyu masu harafin K, kowa ya tura duk abin da ke gabansa. Mai A biyu yana cin kusan sau 82 cikin 100. Da jin haka sai a ɗauka an gama. Amma a maimaita wannan karon sau biyar a jere, yiwuwar ya tsallake dukansu kashi 37 ne kawai cikin 100. Wannan fa hannun da ya fi kowane kyau ke nan.

Abu biyu ake aunawa. Na farko ribar mutum a kowane hannu 100, wato zagayen rabon karta sau 100, da ma'aunin babban zubi. Wanda ke cin zubi 5 a hannu 100 ɗan wasa ne mai kyau ƙwarai. Na biyu faɗin lilonsa, wanda a teburin mutum shida yakan faɗa tsakanin zubi 80 da 100 a kowane hannu 100. A ɗauki 90. Mai ribar zubi 5 idan ya buga hannu 10,000, abin da ake sa ran ya ci zubi 500 ne, lilon kuma 900 sama ko ƙasa, domin idan yawan hannu ya ninku sau 100, lilo sau 10 kawai yake ninkuwa. Ma'ana kusan sau uku cikin goma zai ƙare da asara ba tare da ya yi wani kuskure ba. A gidan wasa ana raba hannu 25 zuwa 30 a awa, don haka hannu 10,000 ya kai kusan awa 330 zuwa 400. Mai zama awa takwas a mako sai ya kusa shekara kafin ya cika su. Gwani na iya shekara cur yana asara, wanda bai iya ba kuma na iya shekara yana ci har ya ɗauka baiwa gare shi.

Sai la'adar gida. A gidajen wasan Amurka, kusa da hannun mai rabon karta akwai wata 'yar kafa a jikin tebur. Duk hannun da aka buga sai ya zare 'yan ƙwandalolin roba daga tsakiyar tebur ya zura su ta nan, su faɗa akwatin ƙarfe mai kwaɗo. A ƙananan tebura yawanci kashi 10 cikin 100 ne har zuwa iyakar 'yan daloli. A ce dala 4 ake cirewa a hannu, hannu 25 a awa, dala 100 ke nan ke barin tebur duk awa. Mutum tara da suka zauna da dala 200 kowanne sun kawo 1,800. Cikin awa 18 gida ya kwashe daidai abin da suka zo da shi gaba ɗaya. Shi ya sa fin abokan zama iyawa kaɗan bai isa ba, sai an fi su da ratar da ta zarce la'ada.

Hanya ta farko: ƙidayar zama

Ita ce aka fi sani. Mutum ya yanke cewa ba zai zauna tebur ba sai yana da zama kaza. Abin da aka saba ji shi ne 20 zuwa 30 ga mai albashi da ke wasa jefi-jefi, 50 ga mai yi a intanet inda hamayya ta fi zafi, 100 ga wanda da wasan yake ci da iyali. Waɗannan lambobi ba daga sama suka faɗo ba. Akwai lissafin da ke fitar da yiwuwar karyewa daga riba da faɗin lilo da girman jari, kuma ga abin da yake bayarwa idan lilon 90 ne.

Mai ribar zubi 5 da zama 20, yiwuwar jarinsa ya ƙare tas wata rana kusan kashi 8 ne cikin 100. Da zama 30 ta sauko ƙasa da kashi 3. Da zama 50 ba ta kai rabin kashi ɗaya ba. Yanzu a rage ribar zuwa zubi 2, wanda ya fi kusa da halin yawancin masu cin riba. Zama 20 ya koma kashi 37, fiye da mutum ɗaya cikin uku. Zama 50 kashi 8. Sai an kai zama 100 kafin ta faɗo ƙasa da kashi 1. Wanda ribarsa sifili ce ko ƙasa da haka, amsar kashi 100 ce komai yawan zamansa, jari mai yawa jinkirta ranar kawai yake yi. Wannan layi na ƙarshe ya fi duk sauran muhimmanci, shi ne kuma aka fi tsallakewa.

Irin wasan ma na canza lambar. A Omaha, inda ake raba kati huɗu maimakon biyu, lilon ya fi faɗi sosai. Idan ya kai 140, mai ribar zubi 5 da zama 20 yana fuskantar kashi 36, sai ya tara zama 50 kafin ya dawo kashi 8.

Yadda ake aiki da ita: a rubuta lamba biyu kafin a fara, ta hawa da ta sauka. Misali, ba za a hau tebur na gaba ba sai an tara zama 40 nasa, kuma da zarar jari ya faɗo zama 25 an sauko mataki ɗaya ba gardama. Idan ana son ɗanɗana tebur na sama kafin lokaci, a ware zama uku ko huɗu don gwajin, in sun tafi a dawo gida.

Kyawun wannan hanya sauƙinta. Ko cikin zafin rai mutum na iya ƙirga zama. Inda take ɓaci wuri uku ne. Na farko, mutum ya ari lambar gwanaye alhali ribarsa ba ta kai tasu ba. Na biyu, zaman da ake ƙirgawa ba shi ne zaman gaskiya ba. A tebura da yawa akwai al'adar mutum na uku ya yi zubin ganin dama, ninkin babban zubi, kafin a raba karta. Idan kowa na yi, teburin 1/2 ya zama na dala 4, zama 30 ya koma 15 ba tare da an canza kujera ba. Haka idan kowa na zama da dala 600 maimakon 200. Na uku shi ne mafi muni, ƙin sauka. Wanda aka saba gani a teburin 2/5 yana jin nauyin a gan shi a 1/2, sai ya ce bari ya ƙara zama ɗaya ya fanshe. Garin neman ƙiba a nan ake samo rama.

Akwai kuma bambancin da ba a cika faɗa ba. A intanet tsanin yana da matakai da yawa, daga zaman dala 2 zuwa 5, 10, 25, 50, 100, har sama. A gidan wasa kuwa 1/2 ko 1/3 ne matakin ƙasa a mafi yawan wurare. Mai wasa a nan ba shi da inda zai sauka, saukarsa ita ce ya tashi ya bar wasan har jari ya farfaɗo daga wata hanyar samu.

Hanya ta biyu: tsarin kaso

A nan ba a kafa lamba ɗaya a zauna a kanta. Kafin kowane zama ana duba jari a ɗauki kaso kaza cikin 100 nasa. Tushenta lissafin John Kelly ne, wani masanin kimiyya a cibiyar bincike ta Bell a Amurka, wanda ya wallafa a 1956, daga baya malamin lissafi Edward Thorp ya yi aiki da shi a wasan karta da kasuwar hannun jari. A sauƙaƙe, idan ana jefa kwabo da ke faɗo maka sau 55 cikin 100, ci ɗaya asara ɗaya, abin da zai sa jari ya fi saurin girma shi ne zuba kashi 10 kowane jifa. Wanda ya ninka, ya riƙa zuba kashi 20, jarinsa ba zai girma ba a tsawon lokaci duk da kwabon na gefensa. Wanda ya wuce haka, ƙasa zai yi.

Ko cikakken kason Kelly ma doki ne mai zafin kai. Mai bin sa yana da yiwuwar rabi da rabi ya ga jarinsa ya ragu zuwa rabi wata rana. Shi ya sa masu hankali ke ɗaukar rabinsa, su samu kashi uku cikin huɗu na saurin girman, yiwuwar faɗowa rabi kuma ta koma ɗaya cikin takwas. Idan aka juya lissafin zuwa poka, ana ninka faɗin lilo da kansa a raba da riba. Lilo 90, riba 5: 8,100 a raba da 5 ya ba da zubi 1,620, wato zama 16. Rabin Kelly zama 32. Ga mai ribar zubi 2 kuwa, zama 40 da zama 81. A nan ake gane cewa hanyoyin biyu uwa ɗaya ta haife su.

Sanannen misali shi ne na Chris Ferguson, zakaran gasar duniya ta 2000, wanda ya gwada tara dala 10,000 daga sifili a intanet, ya fara da gasannin da ake shiga kyauta. Dokokinsa uku ne: kada zaman tebur ya wuce kashi 5 na jari, kada kuɗin shiga babbar gasa su wuce kashi 2, kuma idan abin da ke gabansa a tebur ya kai kashi 10 na jari sai ya tashi. Ta ukun ce mai hikima. Wanda ya ninka kuɗinsa a tebur yakan ji kamar da kuɗin gida yake wasa, alhali nasa ne, kuma hannu ɗaya na iya tafiya da su duka.

Ƙarfin tsarin kaso shi ne saukar ba ta jiran shawarar zuciya. Jari ya ragu, zaman ya ragu da kansa. Rauninsa kuma babba ne: yana so mutum ya san ainihin ribarsa, kusan babu wanda ya san ta. Bayan hannu 10,000, kuskuren awon riba ya kai zubi 9 sama ko ƙasa, wanda ya fi ribar kanta. Bayan hannu 100,000 ya ragu zuwa kusan 3, don haka mai ganin 5 a littafinsa zai iya zama mai 2 ko mai 8. Wanda ya ɗauki kansa mai 6 alhali mai 3 ne, ya kuma bi cikakken Kelly, ninki biyu yake zubawa bai sani ba. Ɗan Adam kuwa kullum sama yake kuskuren auna kansa. Ban da haka, hanyar na buƙatar tsani mai matakai kusa-kusa, don haka ta fi dacewa da intanet fiye da gidan wasa.

Gasa wata duniya ce

Kusan duk lambobin da suka gabata na teburin tsabar kuɗi ne, inda mutum ke tashi duk sa'ad da ya so. A gasa ana biyan kuɗin shiga a buga har mutum ɗaya ya rage, kuma kashi 10 zuwa 15 ne kawai na masu shiga ke samun wani abu. A babbar gasar World Series of Poker ta 2023, mutum 10,043 suka biya dala 10,000 kowanne. Daniel Weinman ya tafi da miliyan 12.1, mafi ƙarancin kyauta kuwa dala 15,000, sauran fiye da mutum 8,500 ko sisi. Idan mutum na shiga sahun masu kyauta sau 15 cikin 100, yiwuwar ya buga gasa goma a jere ba ko kwabo kusan ɗaya ce cikin biyar, gasa ashirin a jere kusan kashi 4. Ƙaramar kyautar ma ba ta cike ramin da aka haƙa, ribar gaske tana teburin ƙarshe, wanda gwani kan yi watanni bai gan shi ba.

Don haka zama 30 a gasa ba komai ba ne. Ga ƙananan gasanni ana maganar kuɗin shiga sau 100, ga masu dubban mutane sau 200 zuwa 300 ko fiye. Kashi 2 na Ferguson, wato sau 50, ya yi siriri ga manyan gasanni. A kuma ƙirga gaskiya. Gasar dala 109 a intanet, dala 100 ne ke shiga kyauta, 9 la'ada ce. Idan an yarda wanda aka fitar ya sake biya ya dawo, kuma mutum kan yi hakan sau biyu, gasar ta dala 327 ce a wurinsa. Jirgi da masauki da abinci duk cikin kuɗin shiga suke.

Labarin Chris Moneymaker, akawun da ya samu kujera ta gasar share fage a intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya doke mutum 838 a 2003 ya ci miliyan 2.5, shi ya cika gidajen wasa da masu mafarki. Amma a dubi lissafin mai jarin dala 3,000 da ya ci kujerar dala 10,000. Ya ɗora abin da ya ninka jarinsa sau uku a gasa ɗaya da sau 85 cikin 100 ba za ta ba shi komai ba. Abin da ya dace da shi shi ne ya sayar da mafi yawan kujerar.

Hanya ta uku: kuɗin wani

Iri biyu ce. Akwai sayar da kaso na gasa ɗaya. Kujerar dala 10,000, ɗan wasa ya sayar da kashi 70 nata. Idan sunansa ya kai, yakan ɗora ƙari, a ce kashi 20 bisa farashi, ya karɓi 8,400, ya cika 1,600 daga aljihunsa ya riƙe kashi 30 na duk abin da aka ci. Mai saye ya sani cewa sai ribar ɗan wasan a irin wannan gasa ta wuce kashi 20 kafin shi ya ga ko kwabo. 'Yan wasa kan kuma yi musanyar kashi 5 ko 10 a tsakaninsu don rage lilo. Wannan hanya mai tsabta ce, gasa ta ƙare lissafi ya ƙare.

Na biyun shi ne uban jari na dogon lokaci. Shi ke biyan komai, a raba riba, galibi rabi da rabi, amma da sharaɗin cike giɓi. Idan an yi asarar dala 8,000 a watannin farko, sannan aka ci 10,000, sai an mayar da 8,000 ɗin tukuna, a raba 2,000 da suka rage. Ɗan wasan da ya ci dala 10,000 ya tafi gida da 1,000. Idan giɓin ya yi zurfi, a ce 40,000, sai ya wayi gari yana aikin watanni ba lada. Daga nan ɗayan biyu ke faruwa: ko ya fara wasan ganganci a manyan gasanni don fita rami da tsalle ɗaya, ko ya ɓace. Uban jari ma yana cikin haɗari, domin a gidan wasa ba shi da hanyar sanin gaskiyar abin da aka ci sai abin da aka gaya masa.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka a rubuta komai kafin a karɓi sisi: waɗanne wasanni aka yarda a buga da girman teburinsu, yaushe ake raba riba, wa ke da ikon yanke hulɗa, ina giɓi zai kwana idan an rabu, wa ke ɗaukar haraji. Maganar baka ba ta isa ba ko tsakanin aminai. Jamie Gold ya ci dala miliyan 12 a 2006, wani ya kai shi kotu cewa ya yi masa alkawarin rabi, kotu ta riƙe rabin kuɗin har suka sasanta a 2007.

To wacce za a ɗauka

Wanda bai da rubutaccen tarihin wasa mai tsawo da ke nuna riba bai da jari, kuɗin kashewa gare shi, kuma gara ya kira su da sunansu. Babu ɗaya cikin ukun da za ta yi masa aiki. Abin da zai tsare shi shi ne iyakar da ya yanke a wata, wadda in ta ƙare ta ƙare, ko kuma barin abin gaba ɗaya, wanda lissafin la'ada ya nuna shi ne mafi riba ga mafi yawan mutane.

Ga mai ribar da ta tabbata a teburin tsabar kuɗi, ƙidayar zama ta fi, da sharaɗin a ɗauki lambar mai ribar zubi 2 ko da littafi na nuna 5, kuma lambar sauka ta zama rubutacciya. Tsarin kaso ya fi ta a takarda, kuma ya dace da mai wasa a intanet da ya tara dubban ɗaruruwan hannu a manhajar ƙididdiga, amma kada ya wuce rabin Kelly. Ga ɗan gasa, a gauraya: kashi 1 ko ƙasa da haka na jari a kowace gasa, duk wadda ta fi haka a sayar da rarar. Uban jari na dogon lokaci shi ne zaɓin ƙarshe, domin yana kawar da haɗarin karyewa ya maye gurbinsa da ɗaurin da ya fi wuyar kwancewa.

Duk wadda aka ɗauka, akwai kafofin da jari ke zurarewa ta bayan gida. Archie Karas ya shiga Las Vegas a Disambar 1992 da dala 50, ya ranci 10,000, ya kai kusan miliyan 40 zuwa 1995, sannan ya zubar da kusan duka cikin 'yan makonni, mafi yawa a wasannin da gida ke da rinjaye a kansu. Jarin poka ba ya zuwa teburin wata caca. Haka kuma a kafa iyakar asarar zama uku a rana ɗaya. A lissafi wannan ba ya canza komai, amma wanda ya rasa zama uku ba shi ne mutumin da ya shigo da yamma ba, ramuwa yake nema. A bar katin banki a gida.

Cire kuɗi ma yana canza lissafi, domin duk alƙaluman karyewa da aka kawo sun ɗauka ba a taɓa ribar. Mai ribar zubi 5 da ke cire daidai da zubi 3 don hidimar gida ya koma mai zubi 2, idan zama 20 gare shi, kashi 8 ɗinsa na karyewa ya zama 37. Shi ya sa ƙwararru ke ajiye kuɗin rayuwa na aƙalla wata shida a asusu dabam. Littafin lissafi kuma ya ƙunshi kwanan wata, wuri, girman tebur, awa nawa, nawa aka shiga da shi, nawa aka fita da shi, har tukuicin mai rabon karta da kuɗin mota. A rubuta a daren, kafin zuciya ta gyara labarin.

Sai inda kuɗin ke kwana. Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin manyan shafukan poka uku. PokerStars ta biya mutanenta ba da daɗewa ba. Full Tilt Poker ta kasa, kuma masu gabatar da ƙara suka ce 'yan wasa na binta kusan dala miliyan 390 alhali abin da ke asusunta bai wuce miliyan 60 ba. Wasu sai da suka jira shekaru kafin su ga kuɗinsu. Mai zama 100 da ya ajiye su duka a shafin ya kwana ba shi da ko ɗaya. A bar zama biyar zuwa goma a shafi, sauran a banki.

A kuma ƙirga jari da kuɗin da teburin ke ci. Daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500. Wanda ya ajiye zama 30 na teburin dala a naira ya tarar sun koma tara bai taɓa karta ba. Baƙon da ya ci babbar kyauta a gasa a Amurka kuwa, idan ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, kamar Najeriya, ana zare kashi 30 na ribar tun a wurin biya. Duk wanda ya sayar da kaso ya faɗa wa masu saye wannan kafin a raba katin farko, a kuma rubuta ko rabonsu kafin haraji ne ko bayansa.